Jinyar Talatu, Kyanwar Mama

Mutane suna rubuta labarin jinyar uwa ko ta miji, ni kuwa ta kyanwa zan rubuta, kuma na san za a yi dariya. A yi. An riga an yi mini ita a makarantar da nake koyarwa, an yi a kasuwar Kafanchan, an yi har a bakin coci, na gaji da jin haushi. Abin da ya zaunar da ni na ɗauki biro shi ne, da wani ya gaya mini tun farko abin da na sani yanzu, da ban sha rabin wahalar da na sha ba. Mai kyanwa a gida ya karanta. Mai tsohuwa a gida ma ya karanta, don a gidanmu jinyar ba ta rabu ba.

Mama uwar mijina ce, Bulus, wanda yake akawu a tashar jirgin ƙasa. Bayan rasuwar Baba ta zauna ita kaɗai a gidansu na gindin dutse, can bayan Kagoro, inda hanyar mota take ƙarewa mutum ya ƙarasa da ƙafa. Tana da hawan jini, jiri kuma yana ɗibarta. Wata rana ya kayar da ita a tsakar gida, ta daɗe a ƙasa kafin wata mai wucewa ta leƙo. Shi ya sa a shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira muka ɗauko ta zuwa kwatas ɗin reluwe, kusa da asibiti, kusa da idona. Ba da son ranta ta zo ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa mana, shi ne kyanwarta, wata baƙa mai farin ƙirji da Baba ya tsinto a hanyar gona wata ranar Talata, ya sa mata suna Talatu.

"Inda Talatu ya zauna, nan zan zauna," in ji Mama. A Hausarta mace da namiji duk ɗaya ne. "In kun kore shi, kun kore ni."

Ni dai ba na son kyanwa, har yau ban fara ba. Amma uwata ta rasu ina ƙarama, kuma Mama ce ta yi mini wankan jego a duk haihuwata, ita ta koya mini tuƙa tuwon acca ba gudaji. In zaman kyanwa a ɗakina ne zai sa tsohuwar nan ta zauna inda zan riƙa ganinta safe da yamma, na yarda.

Ba a yi nisa ba Talatu ta ɗauke ɗan tsakon maƙwabciyarmu, Maman Sande. Aka yi ta hayaniya a layi, mijinta ya ce zai ɗana tarko. Ga kuma masu zaman gidan burkutu na bayan kwatas, waɗanda kowa ya san kyanwa mai ƙiba ba ta wucewa ta gabansu ta dawo. Sai muka kulle ta a ɗaki. Mama ta ji tausayinta, ta shiga ciyar da ita kamar jaririya: kunu da safe, tuwo mai laushi da miya da rana, madarar gwangwani kuma duk wadda na zuba wa Mama a shayi rabinta na Talatu ne. Kyanwa ta yi ɓul-ɓul, gashinta yana sheƙi. Duk wanda ya shigo sai ya ce birni ya karɓe ta, mu ma muna murna.

A makon farko na ciwon abin dariya muka ɗauke shi. Talatu za ta zauna daɓas a kan siminti, ta ɗaga ƙafafun baya, ta ja gindinta da na gaba daga bakin ƙofa har ƙarƙashin tebur. Bulus ya ce ta ga jirgi ne tana kwaikwayo. Daga nan ta fara lasar ƙasan wutsiyarta ba ji ba gani, in ka taɓa bayanta ta yi maka tsaki. Sai wari ya biyo baya. Ban san yadda zan kwatanta shi ba sai dai in ce ruɓaɓɓen kifi da aka manta a cikin kwano. Ya kama tabarma, ya kama matashin kujera, ya kama zanen Mama tunda a cinyarta take kwana. Na wanke, na shanya, na sake wankewa, har fatar hannuna ta fara tsagewa saboda sabulu.

Da mako ya zagayo, masu ba da shawara suka taso. Anti Saratu, yayar Bulus, ta zo daga Zonkwa taron zumuntar mata, ta sauka a wurinmu. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ɗaga wutsiyar kyanwa ta duba.

"Basur ne," ta ce. "Kun cika shi da suga. Maman Ladi, ke ticha ce amma ba ki san basur ba? Ki ba shi manja cokali ɗaya da safe, ki jiƙa jar kanwa. Ya wanke ciki."

Maman Sande ta ce tsutsar ciki ce, ita ma manja ta ce. Hedimastanmu ya ce in ba shi ba, wa zai ɓata lokaci, kyanwa ai ana samun wata. Tunda baki biyu sun haɗu a kan manja, muka ɗura mata. Zawo ya ɓarke. Da muka ga ta kwanta ba ƙarfi, sai muka yi abin da kowa a ƙasarmu yake yi wa mara lafiya: muka ɗauke mata duk wani abu mai tauri, muka dama mata kunu mai ruwa-ruwa, Mama ta ƙara madara don ta samu ƙarfi. Mun yi haka da zuciya ɗaya, muna ganin jinya muke yi.

Abin ya ƙara lalacewa. In za ta yi kashi sai ta yi ta kuka a kan kaskon yashin da na ajiye mata, ta tashi ba ta yi ba, ta koma. Gefen duburarta na hagu ya kumbura ya yi ja. Fasto ya zo yi wa Mama addu'a, ya zauna a kujerar da Talatu ta fi so. Mutumin kirki ne, bai ambaci warin ba, sai dai hankicinsa bai bar hancinsa ba, kuma ban taɓa jin ya yi addu'a gajeriya irin ta ranar ba. Bayan ya fita Bulus ya ja ni bayan kicin.

"Maman Ladi, na gaji. Abokan aikina sun daina shigowa. Gobe zan sa ta a buhu in ba gadin jirgin kudu, ya sauke ta a wata tasha mai nisa. Mama za ta yi kuka ta haƙura."

Kicin ɗin kwatas ba shi da sirri. Kafin mu dawo ɗaki Mama ta ƙulle kayanta a zane ta ajiye a bakin ƙofa, ta ɗora Littafi Mai Tsarki na Baba a kai, ta zauna kusa da su da kyanwa a cinya. Ba ta yi faɗa ba. Abinci kawai ta daina ci. Na kai ta asibiti ranar awonta, muka wuni a benci, sista ta ɗaura mata abin awo ta kalle ni ta ce me muke yi wa tsohuwar nan a gida. Da muka dawo gida na ce wa Bulus ya ba ni lokaci, in ban warkar da kyanwar ba ya yi yadda ya so. Ya yarda, ba don ya gamsu ba sai don ƙullin kayan nan da yake tsallakewa kullum in zai fita aiki.

Wata safiya kumburin ya fashe. Jini da mugunya suka ɓata tabarma, sai ga rami a gefen duburar, ɗan ƙarami amma mai zurfi. Mama ta ɗora hannu a ka. "Ya yi dubura biyu," ta ce, hawaye yana zuba. "Yesu, me na yi?" Sistar da take yi wa Mama awo ce ta ce in daina jin maganar mutane in tafi ofishin dabbobi.

Zaryar da na yi a ofishin nan ita kaɗai ta isa labari. Wurin na shanu ne. Fulani ne cike da filin da sandunansu, wani ya kawo saniya mai tari, wani ya zo neman allurar garke, ni kuma ga ni da kayan koyarwa da kwando a rufe da tawul yana kuka. Da suka gane abin da yake ciki, wani dattijo ya yi dariya har ya dafa sandarsa, amma shi ne ya matsa mini a inuwa. Ranar farko aka ce likita ya tafi rangadin allurar shanu. Na koma aka ce bai dawo ba. Na sake komawa aka ce ya dawo amma ya wuce mayanka duba nama. Kowace tafiya sai na roƙi wata malama ta riƙe mini aji, har na fara jin kunyar haɗa ido da ita. Kuɗin cefane kuwa ya riƙa narkewa tsakanin mota da sabulu, ban ma tsaya lissafi ba don kada raina ya ƙara ɓaci.

Da na same shi, saurayi ne siriri, da ganinsa ya gaji kamar ni. Bai yi dariya ba, kuma wannan kaɗai ya isa in gode masa. Ya naɗe Talatu a buhu ya bar bayanta a waje, ya sa na riƙe, ya duba.

"Ba basur ba ne, Malama. Jaka biyu ne ƙanana, kamar ƙwayar wake, ɗaya dama ɗaya hagu a bakin dubura. Kowace kyanwa tana da su, kare ma haka. Ruwa mai wari ne a ciki. In kashi mai tauri ya zo wucewa, shi yake matse su ruwan ya fita. In kashin ya zama ruwa-ruwa kullum, ba abin da zai matse su. Sai su cika, su toshe, su yi ƙurji. Me kuke ba ta?"

Na lissafa masa. Da na kai kan manja da madara ya rufe ido.

"Tausayinku ne ya yi mata yawa," ya ce. "Kyanwa ba mai jego ba ce. Nama take so, da ƙashi, da gashin ɓera. Kuma ta yi gudu, wannan ƙibar ba lafiya ba ce. Tana fita?"

Na ce a kulle take. Ya ce to ga ciwon nan.

Ya wanke ramin da ruwan magani, ya matse ɗaya jakar ta dama da yatsu, wani abu mai kauri ya fito wanda ya sa har masinjan ofis ya fita waje. Ya yi mata allura, ya ce a riƙa kawo ta kullum har ya ce ya isa. Ya yanka kwali ya yi mata wani abu kamar faifai a wuya don kada bakinta ya kai wurin. Ya kuma ja mini kunne a kan ƙwayar ciwon kai ta mutane, ya ce ko ɓari aka ba kyanwa tana iya kashe ta. Ga shi kuwa Anti Saratu ta riga ta aiko da saƙon a gwada.

Makonnin da suka biyo ba na son tuna su. Da sassafe Bulus ya goya ni a babur da kwando a cinya, a yi allura, ya ajiye ni a gida, in ruga makaranta a makare. Da yamma in dafa ruwa da gishiri, in bari ya huce, in danna mata tsumma a wurin tana yaƙushina. Hannuwana duk suka zama zane-zane, 'yan ajina suna tambaya ko faɗa na yi. Mama tana zaune a gefe tana yi mata waƙar coci da yarenmu. Ranar da Talatu ta yi kashi mai tauri ba kuka, na tsaya a kan kaskon yashi ina murna kamar an yi mini ƙarin girma. A ranar Mama ta kwance ƙullin kayanta, ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Maganar barin Talatu ta fita ta yi gudu kuwa ban gaya wa Mama ba, kuma ko yau aka sake ba zan gaya mata ba. Na san inda maganar za ta kai mu. Abincin kawai na ce likita ya canja. Na riƙa bin mahauta ina karɓar huhu da kan kaza. Bulus, wanda ya so sa ta a buhu, shi ne ya shiga roƙon leburorin shagon ajiyar kaya na tashar jirgi su kama masa ɓerayen da suke cin buhunan citta da gyaɗa. Sai ka ga akawu da farar riga ya dawo gida da ɓera a naɗe cikin tsohuwar jarida. Haka muka yi ta yi har aka zuba guba a shagon, dole muka bari.

Abin da ban sani ba, in na tafi makaranta Mama tana dama kununta ta ba Talatu a ɓoye. Da na kama ta, ko a jikinta.

"Ɗanyen nama ba abincin mara lafiya ba ne," ta ce. "Ke za ki ci?"

Ba a rufa wata biyu ba Talatu ta sake jan gindi a siminti. Warin ya dawo. Na zauna a bakin gado na yi kuka, ba don kyanwa ba, don gajiya. Wannan karon Mama ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci ta ce da ita za a je, tana so ta ji da kunnenta.

Likita ya miƙe ya ba ta kujerarsa, ya gaishe ta da ladabi. Ya matse jakunkunan, ya ce an zo da wuri, ba su kai ga ƙurji ba. Da ni Turanci yake haɗawa, amma da ya juya wurin Mama sai ya koma Hausa tsantsa, a hankali, don ta gane. Ina bayanta ina girgiza masa kai, ina ƙifta ido. Ko bai gani ba, ko ya gani bai gane ba.

"Mama, a ƙauye ta taɓa yin wannan ciwon?"

"Ko sau ɗaya. Shekara da shekaru."

"Me take ci a can?"

"Ɓera na rumbu. Ƙadangare. Yana hawa dutse ya dawo."

"To shi ne maganin, Mama. Ni matsewa kawai zan iya, in ta cika a kawo in sake matsewa. Amma muddin tana kulle a ɗaki, zai riƙa dawowa."

Mama ta gyaɗa kai, ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Muka koma gida. Washegari na dawo daga makaranta na tarar ta wanke zannuwanta duka ta ninke.

Na durƙusa a gabanta. Na ce zan riƙa kai Talatu wurin likita duk wata, zan koyi matsewar da hannuna, zan biya Maman Sande duk tsakon da aka ci, a bar ta ta fita. Ta ce masu burkutu fa? Na ce to a kai kyanwar gida wurin dangi, ita ta zauna. Ta kalle ni kamar na yi saɓo.

"Mama, in jiri ya sake kayar da ke fa? Wa zai gan ki?"

"Ubangiji zai gan ni." Ta kama hannuna tana shafa tabon yaƙushin. "Kin yi ƙoƙari, 'yata. Kin wanke gindin kyanwa, abin da ɗan da na haifa bai yi ba. Amma Talatu ya bar gidansa domin ni, ya zo ya yi ciwo. Yanzu ni zan bi shi."

Bulus ya yi faɗa, Anti Saratu ta zo daga Zonkwa ta yi nata, Fasto ya yi magana. Kafin ruwan shuka muka ɗauki ƙaramar bas zuwa Kagoro, muka ƙarasa da ƙafa, ni da kwando, Bulus da kaya. Da na buɗe kwandon a tsakar gida, Talatu ko waiwaye ba ta yi ba, ta nufi rumbu. Muka roƙi matar wani ɗan'uwan Baba ta riƙa leƙa Mama safe da yamma, ni kuma duk Asabar ina zuwa da maganinta. Gaskiya ita ce ta fi walwala a can. Kyanwa ta zube ta koma siririya, wari ya ɗauke, ciwon bai sake dawowa ba. Likita bai yi ƙarya ba ko kaɗan.

Ga mai kyanwa, abin da zan ce kaɗan ne. In ka ga tana jan gindi a ƙasa, tana lasar ƙasan wutsiya, ga warin kifi, kada ka jira kumburi. Ba basur ba ne, kada ka ba ta manja, kada ka dama mata kunu, kada ka ba ta maganin mutane. Ka kai ta wurin likitan dabbobi ko da za a yi maka dariya. Ina gode wa sistar da ta nuna mini hanya, da malamar da ta riƙe mini aji, da Bafulatanin da ya ba ni inuwa. Likitan ma ina gode masa, ko da yake akwai ranakun da godiyar take yi mini nauyi a baki.

A damina ta biyu, lokacin noma da kowa yake gona, Mama ta faɗi a bakin rumbu da hantsi. Matar da take leƙa ta sai da yamma ta zo. Ta ce ta tarar da kyanwar a zaune kusa da kanta, jikin kuma ya riga ya yi sanyi.

Bayan jana'iza Bulus ya ce mu ɗauko Talatu, ita ce ta rage mana. Na ce a'a, a bar ta inda take da lafiya. Tana can har yanzu. Duk wanda ya zo daga Kagoro sai ya tsaya ya gaya mini kyanwar Mama tana nan ƙalau, ni kuma ban taɓa tambaya ba.